A riƙa faɗa wa iyaye mata haƙƙinsu na riƙon 'ya'ya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai albarka domin in ja hankalin malamanmu masu wa'azi kan darajar uwa.

Kowa ya haddace hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya ambaci uwa sau uku kafin ya ambaci uba. Muna jin sa a huɗuba, muna jin sa a tafsirin azumi. Sai dai wa'azin yakan tsaya a kan 'ya'ya su yi biyayya. Ba a cika faɗa wa maza cewa matar da suka saka ma uwa ce ba, kuma darajar nan ta shafe ta.

A unguwarmu an saki wata baiwar Allah da goyo. Ana yaye yaron, dangin uba suka zo suka ɗauke shi, aka miƙa wa kishiya. Yanzu sai lokacin tashi daga Islamiyya take zuwa ta raɓe a gefen hanya da 'yar ledar ƙosai a hannu, ta ba shi ya ci a tsaye, ta goge masa baki da gefen hijabinta don kada a gane a gida. Da na ce ta kai ƙara, cewa ta yi ai ɗa na uba ne. Haka aka koya mata, kuma ba haka shari'a ta ce ba.

Abu Dawud ya ruwaito cewa wata mata ta zo wa Annabi (SAW) ta ce cikinta ne mazaunin ɗanta, nononta ne abin shansa, cinyarta ce makwancinsa, ga shi ubansa ya sake ta yana son ƙwace shi. Sai ya ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. A cikin Muwaɗɗa kuma, Sayyidina Umar, bayan ya saki mahaifiyar ɗansa Asim, ya tarar da yaron yana wasa a Ƙuba, ya ɗora shi a kan abin hawansa, kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi. Da suka je gaban Sayyidina Abubakar, ya ce Umar ya bar mata yaron. Umar, da duk kwarjininsa, bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Risala, littafin fiƙihun nan da ake karantawa a zaurukanmu, ta fayyace komai: bayan saki uwa ke riƙe namiji har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi aure, riƙo ya koma wa kaka, sannan 'yar'uwar uwa. Ci da sha da sutura duk a wuyan uba suke. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ma ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Abin da ke ƙona min rai shi ne, masu ƙwace yaran nan da yawa sun zauna gaban malami an biya musu wannan babin.

Na san akwai uwar da ba za ta iya riƙo ba, saboda rashin lafiya ko wani dalili. Wannan alƙali ne zai duba, ba dangin miji ba.

Roƙona gare ku, Edita, ku ware shafi ku tattauna da alƙalan kotunan shari'a da malaman fiƙihu, su bayyana wa mata cikin Hausa mai sauƙi inda za su je da abin da za su nema. Limamai kuma su sa batun cikin huɗubar Juma'a, inda mazan suke zaune.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Zariya