Zuwa ga Ummi, a kan maganar rigar nono

Assalamu alaikum.

Ummi, ya jego, ya angona? Ki gaida maigidanki.

Goggonki ta dawo daga Gombe da maganar da ta hana ni barci. Wai ta same ki cikin rigar nonon lefe, mai ƙarfen nan a ƙasa, kin ɗaure tamau har ta yi miki shaida a fata, wai don kada nono ya zube. Wa ya koya miki? A ɗakina dai ba ki ji ba. Ciki da shekaru da hawa da saukar jiki ke kwantar da nono, matsi ba ya hanawa. Abin da matsi ke yi wa mai shayarwa shi ne danne hanyoyin ruwan nono. Ya taru wuri ɗaya ya yi gudaji, wurin ya yi ja ya ɗau zafi, zazzaɓi ya biyo da rawar ɗari. In aka yi sake ya tara mugunya, sai an tsaga a asibiti. Kin ga yadda Yayarki ta sha, ba sai na tuna miki ba. Duk kwalliyar da za ta kai ki can, ban yarda ba, ko da kuwa miji ne ya ce yana so.

Ki samo tef irin na tela. Ki auna ƙirji da inci daidai ƙarƙashin nono, tef ya kwanta ba gargada, ki kai lambar zuwa ta kusa a jerin 32, 34, 36, 38. Sannan ki auna ta inda nono ya fi cika, ba tare da kin ja ba. Bambancin awon biyu shi ne harafin kofi, wato mazaunin nono a jikin rigar: inci 1 A, 2 B, 3 C, 4 D, 5 DD. Kada ki auna da asuba nono a cike tam, kada kuma yaro na gama sha. Tsakani za ki nema. In kin ga 75 ko 80 ko 85 a jikin riga, lissafin Turai ne da santimita, wato 34, 36, 38.

Ga inda masu shago ke ruɗa mata. Harafi shi kaɗai ba girma ba ne. Kofin 36C da na 34D da na 38B kusan abu ɗaya suke ci. Saboda haka in kofi ya yi miki kaɗan, harafi za ki ƙara, ki bar lamba. Da yawa sai su sayi 40 maimakon 36, bayan rigar ya haye sama, nauyi ya koma kan igiyar kafaɗa, su yi ta kukan ciwon wuya.

In za ki gwada, ki ɗan sunkuya, ki sa hannu ki tattaro naman gefen hammata cikin kofi. Nama ya tudo ta sama ko ta gefe, kofi ya yi kaɗan. Yadi ya yi tattara ko ya bar fili, ya yi yawa. Tsakiyar rigar ta kwanta a ƙashin ƙirji. Ki maƙala a ƙugiyar da ta fi sakewa, don roba na saki da wanki, kuma yatsu 2 su shiga ƙarƙashin maɗaurin. In nono ɗaya ya fi ɗaya, kamar yadda yake ga yawancin mata, babban ake yi wa awo.

Ki nemi ta auduga mai buɗewa ta gaba, ba ƙarfe, ba soso mai kauri. Zafin Gombe da gumi da ɗigar nono in suka haɗu a roba, ƙuraje ne da ƙaiƙayi. Guda 3 sun isa, wankin hannu, ba murɗewa.

Na san za ki ce Mama ta cika faɗa. Da ina da tabbacin za ki ji a waya, da ban rubuta ba. In kin taɓa kika ji gudaji, kada ki janye yaro daga wannan nonon, ki ci gaba da ba shi. In zazzaɓi ya zo, ko kwana ya zagayo gudajin bai sauka ba, asibiti kai tsaye, ban ce mai kyamis ba, ban ce jiƙo ba.

Ki turo mini awon biyu kafin Asabar, zan shiga kasuwar Wunti in ba direba ya kawo miki tare da yajin jegonki. Allah Ya raya mana angona, Ya yi miki albarka.

Mamanki,
Bauchi