Zuwa ga Ummi, kafin ki yi rajistar darussan jami'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummina, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Goggonki da maigidanta da yara. Mu ma nan Kano lafiya lau, damina ta zauna, kwana uku ke nan ana kwana ana ruwa.

Hoton sakamakon jarrabawarki ta AP, wato ta darussan matakin jami'a da ake yi tun a sakandare a Amurka, ya shigo wayata muna cin tuwon dare. Na karanta wa Mamanki: 5 a bayoloji, 5 a lissafin kalkulas, 5 a ilimin halayyar ɗan'adam, 4 a kemistiri da Turanci da tarihin Amurka, 3 a fiziks. Sai ta ajiye cokalin miya ta ce, "Biyar kacal cikin ɗari?" Da na gaya mata biyar ce ƙololuwa, sai ga guɗa, har maƙwabta suka aiko a ji ko lafiya. Allah ya yi miki albarka. Kin yi ƙoƙari, kuma na san daren da kika raya a kai.

Saƙon muryar da ya biyo baya shi ya sa na ɗauki alƙalami. Na saurare shi sau biyu. Lissafinki shi ne jami'a za ta ba ki kiredit, wato awon darussan da ake tarawa kafin a samu digiri, kusan 30 cikin 120 da ake bukata, ki tsallake bayoloji da kemistiri na shekarar farko, ki gama digiri a shekara uku, ki sauke wa Abba kuɗin shekara guda. Ban kira ki ba saboda na san halinmu: ki katse ni, in katse ki, layi ya yanke, a tashi ba a cimma komai ba. Takarda kuwa ba ta gardama, za ki karanta ki ajiye ki sake dubawa.

Ina jin na san inda lissafin ya samo asali. Kin ga ɗan Baffanki ya yi IJMB a Zariya, ya shiga aji biyu kai tsaye, kuma shi ke nan, babu wanda ya sake tambayarsa abin da ya tsallake. A nan gida ƙofa ɗaya ce: ka shiga likitanci daga sakandare, ka yi shekara shida, ka fito da MBBS. A Amurka ƙofa biyu ce, kowace da mai gadinta. Sai kin gama digirin farko tukuna ki nemi makarantar koyon likitanci, ki yi wasu shekaru huɗu, sannan horon asibiti na shekara uku zuwa bakwai. Hukumar College Board ita ke shirya jarrabawar AP. Jami'arki ita ke yanke hukuncin ko makin ya cancanci kiredit. Amma makarantar likitanci ba ta cikin wannan yarjejeniya. Bayan shekara uku za ta buɗe takardar sakamakonki ta karanta da nata idon, kuma abin da jami'a ta yafe miki ba dole ne ita ta yafe ba.

Abin da galibin makarantun likitanci ke nema bai sauya sosai ba tun zamanin da nake can: shekara guda ta bayoloji, shekara guda ta kemistiri na gama-gari, shekara guda ta kemistirin oganik, shekara guda ta fiziks, kowanne da aikin ɗakin gwaji. Yanzu an ƙara bayokemistiri a wurare da yawa, sai darasin rubutu da lissafi ko ƙididdiga. Oganik da bayokemistiri ba su da AP ma, don haka babu zancen tsallake su. Sauran kuwa kowace makaranta da tata doka. Wata ta karɓi AP ba tare da sharaɗi ba. Wata ta ce ta karɓa, amma sai kin ɗora wani darasi mai zurfi a fanni ɗaya a jami'a. Wata ta karɓa a lissafi ta ƙi a bayoloji. Wasu kuma sun soke jerin darussan dole gaba ɗaya, sun ce su dai a nuna musu ƙwarewa, wanda a aikace yana nufin su ga makin kimiyya na jami'a. Makarantun da ke ba da digirin likitanci na MD sun haura 150, kuma dokokin nan ana taɓa su lokaci zuwa lokaci.

To ga inda gizo ke saƙa. Babu mai neman makaranta ɗaya. Masu nema sun wuce dubu hamsin a shekara, waɗanda ake ɗauka ba su kai rabi ba, shi ya sa za ki ga mutum ya aika wa makarantu goma sha biyar ko ashirin. Ke nan ba dokar mai sauƙi za ki bi ba, dokar wadda ta fi tsanani a jerinki ita za ta yi miki hukunci. Yau kina da shekara 18, ba ki san jerin da za ki rubuta kina da 21 ba. Me zai sa ki rufe wa kanki ƙofofin da ko ganinsu ba ki yi ba?

Tunda kina Teksas, akwai wani ƙaramin abu da ke kayar da mutane. Makarantun likitanci na gwamnatin jihar suna da nasu tsarin neman shiga, TMDSAS, dabam da AMCAS da yawancin ƙasar ke amfani da shi. Suna karɓar kiredit na AP, amma sai takardar sakamakon jami'a ta nuna shi dalla-dalla: sunan darasi kaza, kiredit kaza. Idan aka rubuta shi dunƙule, wato "AP, kiredit 30", ba ya cike gurbin komai. Da zarar an shigar da naki, ki je ofishin rajista ki ga yadda suka rubuta da idonki. Aikin rabin awa ne yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda ba a rubuce yake a dokar kowa ba.

Kiredit na AP ba shi da maki a takardar neman shiga. Yana bayyana, amma ba ya shiga lissafin GPA, wato matsakaicin makin darussanki. Su kuma masu tantancewa suna ware makin kimiyya dabam, wato bayoloji da kemistiri da fiziks da lissafi, su dube shi shi kaɗai. Idan kin tsallake kemistiri na shekarar farko, makin kimiyyarki na farko a duniya zai fito ne daga oganik, a zangonki na farko, kina sabuwa, ba ki ma gane hanyar ɗakin cin abinci ba. Babu wasu makin baya da za su tare shi idan ya faɗi.

Ba labari aka ba ni ba. Lokacin da nake digirina na uku a can, shekarun da aka haife ki, aikina shi ne kula da ɗalibai a ɗakin gwajin oganik, shi ke biya mini kuɗin haya. Kowace shekara sai an samu 'yan sabbin shiga biyu ko uku da suka tsallako da AP. Ba na mantawa da wani yaro, kansa na ja ƙwarai, ya ci 5 a AP. A takarda babu abin da za ki tambaye shi bai sani ba. Amma da aka tsayar da shi gaban tebur, sai ya kasa karanta ma'aunin ruwa daidai, bai taɓa ajiye littafin gwaji ba, bai san ana rubuta abin da aka gani ba ne ko da ya saɓa wa littafi. Sakandarensu gwaji kaɗan suka yi, mafi yawa a allon kwamfuta. Abokan ajinsa 'yan shekara ta biyu ne, sun shafe shekara suna fasa kwalabe suna koyo. Ya fita da C a zangon farko. Ya farfaɗo daga baya, amma ya shafe shekara biyu yana jan wannan makin a bayansa kamar akuyar da ta ƙi kasuwa, kuma shekarar da ya so ragewa ita ce ya ƙara a ƙarshe don gyara lissafinsa. Sauri ya haifi nawa. Da na ji muryarki shi na tuna, domin ke ma kin taɓa gaya mini sau nawa kuka shiga ɗakin gwaji a bara, kuma yatsun hannu sun isa ƙirga su.

Ga shawarata, darasi bayan darasi, kuma ba umarni ba ne sai a wuri biyu.

Tarihi, ki karɓi kiredit ɗinki ki wuce. Kalkulas ma haka, amma ki ɗauki ƙididdiga a jami'a, don ita likita ke amfani da ita kullum idan yana karanta sakamakon bincike, kuma za ta ba ki makin lissafi na gaske a takarda. Ilimin halayyar ɗan'adam ki karɓa. Turanci ki karɓa idan kina so, amma duk da haka ki yi darasin rubutu ɗaya ko biyu a jami'a; wasu makarantun suna son ganinsa, ni kuma na ga saƙonninki.

Fiziks da kika ci 3, ki sake shi daga farko, wannan ba na neman ra'ayinki. Kemistiri ma ki sake, zango biyu cif da ɗakin gwajinsa. Waɗannan su ne wurare biyun.

Bayoloji shi ne na daɗe ina juyawa. Kin ci 5, kuma na san kina sonsa tun kina tsintar ƙwari a bayan gida kina zubawa a gwangwanin madara. Hanya biyu ce, kowace tana da kyau. Ko ki sake na shekarar farko, ko ki karɓi kiredit ki ɗora manyan darussa a kansa, irin ilimin gado da na ƙwayar halitta da na aikin sassan jiki, aƙalla biyu kuma masu ɗakin gwaji. Hanya ta biyu tana gamsar da yawancin masu sharaɗi, kuma ta fi amfani ga mai son fannin. Amma kafin ki zaɓa, ki bincika wane darasi ne jami'arki ke musanya AP ɗin da shi. Wasu jami'o'in na ɗaliban da ba 'yan kimiyya ba suke bayarwa, wanda ba shi makarantar likitanci ke nufi ba. Idan haka ne, magana ta ƙare, ki sake.

Kada kuma ki ɗauka maimaitawa hutu ne. Rabin ajin nan irinki ne, sun yi AP sun dawo neman A cikin sauƙi, malamin kuma ya san da zamansu. Abin da kuka yi a wata tara a sakandare, da sauri za a zuba muku shi, da ƙari. Na ga waɗanda suka raina makonni uku na farko saboda "mun san wannan", suka farka a mako na shida jirgi ya tashi.

Akwai kuma MCAT, jarrabawar neman shiga makarantar likitanci. Tun 2015 sassa huɗu ce, jimillar maki daga 472 zuwa 528, zaman sama da awa bakwai. Kemistiri da fiziks da bayoloji da bayokemistiri duk suna ciki, har da halayyar ɗan'adam da zamantakewa. Galibi a shekara ta uku ake rubuta ta. Ki lissafa da kanki shekara nawa kemistirin sakandarenki zai yi a lokacin idan ba ki sabunta shi ba.

Wani abu da na kusa mantawa: darasin nan da kika yi a kwalejin unguwarku kina aji 11, wanda kika ce kin samu B ba ki damu ba. Shi ba kamar AP ba ne. Darasin kwaleji ne, yana da maki, dole ki aika takardarsa lokacin neman shiga, kuma zai shiga lissafin GPA ɗinki. B ba abin kuka ba ne. Ki dai sani yana nan, kada ki ɓoye shi ko ki manta da shi, don rashin bayyana shi ya fi makin kansa illa.

Batun kuɗi kuwa, na ji daɗi da kika yi tunanina, Allah ya sani. Ina sane da yadda naira take a gaban dala fiye da ke, ni nake zuwa Wapa. Amma wannan nauyi nawa ne, ba naki ba. Kiredit ɗin nan ba asara za su yi ba ko da kin yi shekara huɗu. Su za su sassauta miki zango, ki ɗauki darasi huɗu maimakon biyar lokacin da oganik ya zo, ki samu sararin bin likita a asibiti kina kallon aikinsa, ki shiga ɗakin binciken wani malami, ki yi aikin sa-kai. Makarantun likitanci suna tambayar duk waɗannan, kuma suna son wasiƙun shaida daga malaman kimiyya da suka san ki. Malamin da ya gan ki zango ɗaya a cikin mutum ɗari uku ba abin da zai iya rubutawa sai sunanki. Wanda ya gama a shekara uku, idan yana son shiga kai tsaye, a ƙarshen shekararsa ta biyu zai nema, da makin zango huɗu kacal a hannu. Ki auna wannan.

A makon gabatarwa za a haɗa ki da mai ba da shawara kan rajista. Aikinsa ya ga kin kammala digiri, kuma zai iya ce miki ki karɓi duk kiredit ɗin, bai yi ƙarya ba ta fuskarsa. Ki nemi ofishin da ke kula da masu niyyar likitanci, dabam yake, ki kai musu takardarki. Ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, tana da kundin MSAR a intanet mai ɗauke da sharuɗɗan kowace makaranta. Ki sa Goggonki ta biya kuɗin rajistarsa, zan mayar mata. Inda bayani ya yi duhu, ki aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar imel ki tambaya, ki adana amsar da ranarta. Kada ki dogara da abin da wata 'yar aji uku ta ce wata ta ce.

Idan kuma wata rana kika ji zuciyarki ta bar likitanci, ki faɗa mini kai tsaye. Mamanki ce ta fara kiran ki Dakta, ba ni ba.

Ki turo mini jerin darussan da kika zaɓa kafin ki tabbatar da rajistar, ko da tsakar darenmu ne, zan duba. Mamanki ta haɗa kuka da kuɓewa busasshiya da yaji, za a ba mai tafiya ƙarshen wata. Kilishin da kika roƙa ki haƙura, jami'an filin jirginsu ba sa barin nama ya shiga, na bara ma a can aka zubar. Ki gaida Goggonki, ki ce ina nan kiranta ranar Juma'a bayan masallaci. Ƙannenki suna gaishe ki.

Wassalam,
Abbanki