Wasiƙa zuwa ga 'yata a kan wandon hawan keke

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na ji kin fara fita da keke ranakun Asabar daga Surulere har gadar Lekki zuwa Ikoyi, kuma kina dawowa matsematsinki na raɗaɗi. Kafin ki zuba kuɗi a wani wando, ki san abin da ke cin fatar tukuna.

Abu uku ne ke haɗuwa: gumi, gogayya, da nauyin jiki a kan sirdi. Mai tuƙi yakan juya feda sau 70 zuwa 90 a minti guda, to ki lissafa sau nawa cinya ke goga yadi a awa ɗaya. A Legas kuwa iska cike take da laima, gumi ba ya bushewa, fatar da ta jiƙa kuma saurin saɓulewa gare ta. Aikin wandon keke shi ne ya manne da fata, ya zama yadin ne ke goga sirdi, fatarki na zaune lafiya.

Saboda haka girmansa ya fi komai. Ki auna ƙugu da mazaunai da tef ɗin tela, ki duba jadawalin kamfanin da ya ɗinka shi, don lambar wani ba ta zama ta wani ba, na ƙasashen Asiya ma sukan zo ƙanana. Idan kin sa, ki sunkuya kamar kina riƙe da kan keke. Soson da aka ɗinka a cikin wandon, daidai wurin zama, ya kwanta a jikinki ba tattara, ba rata. In ya yi lilo a baya, ya yi miki yawa, kuma wannan tattarar ce za ta yanke ki. In robar ƙafa ta bar zane mai zurfi a cinya, ya yi kaɗan. Tsawonsa ya wuce inda cinya ke taɓa hancin sirdi, bakin ƙafar kuma ya kasance da faffaɗar roba mai riƙe fata don kada ya riƙa naɗewa sama.

Batun soso nan mutane ke ruɗuwa, suna ganin mai kauri shi ne mai kyau. Ki matsa shi tsakanin yatsu biyu. In yatsunki suka haɗu nan take, zai lotse da wuri. Nagari yana da ƙarfi a inda ƙasusuwan mazaunai ke sauka, ya yi siriri a gefe, ya dawo daidai da kin saki. Ki nemi wanda aka yi don mata: ya fi faɗi a baya, gabansa bai kai na maza tsawo ba. Sai ki juya wandon ki shafa ɗinkin da yatsa. Ya zama shimfiɗaɗɗe, ba tudu, ba wani ɗinki da ya ratsa tsakiyar soson. Yadin ya zama nailan ko foliyesta mai haɗe da roba, robar ta zama kashi 20 cikin ɗari ko kusa da haka. Auduga tana shan gumi ta riƙe, ki bar ta.

Abin da zan faɗa yanzu zai ba ki kunya, amma dole: ba a sa kamfai a ƙarƙashinsa. Ɗinkin kamfai da robarsa suna faɗawa daidai wurin da ake gogawa, sun ɓata duk amfanin wandon. Sutura kuwa a sama ake nemanta. Ki ɗora dogon wando marar nauyi da riga mai rufe mazaunai, ki ɗaure ƙafar dama don kada kaca ta kama. Akwai ma siririn wando mai soso da aka yi musamman don sawa a ciki.

Gwanjon Yaba yana da rana, amma ban da wannan. Soson ya riga ya mutu, kuma kaya ne da ya zauna a fatar wata. Ki sayi sababbi biyu, don da damina ɗaya ba zai bushe kafin gobe ba.

Da kin sauka ki cire shi, kada ki zauna hira cikin jiƙaƙƙen wando, nan maruru ke samun ƙofa. Ki yi wanka, ki wanke shi da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, ban da bilic da ruwan tausasa kaya, ki juya soson waje ki shanya inda iska ke kaɗawa. Kada ki aske gashin gaba ana gobe fita. In tafiyar za ta wuce awa biyu, ki shafa man hana gogayya kaɗan a matsematsi.

In duk kin yi wannan ciwon bai daina ba, ki duba sirdin. Wanda ya yi tsayi yana sa ƙugu ya riƙa rangaji dama da hagu. Ki ɗora diddige a feda tana can ƙasa: ƙafar ta miƙe ba tare da kin karkata ba. Don sanin faɗin sirdin da ya dace da ke kuma, ki zauna a kan kwali bisa benci, ki auna tsakanin ramuka biyun da ƙasusuwan mazaunai suka bari, ki ƙara kamar santimita 2. Ƙurjin da ya kumbura, ya yi zafi ko ruwa, kada ki matse shi. Ki ajiye keken, in bai lafa cikin 'yan kwanaki ba ko zazzaɓi ya biyo, ki ga likita.

Ki gaida maigidanki da yaran.

Mahaifiyarki