Nauyin da ke kan kaftin ɗin 'yan sa-kai masu kashe gobarar daji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Gobarar dajin Ostiraliya ta 2019 zuwa 2020 ta ci rayuka 33, har da 'yan sa-kai masu kashe wuta. Ana yaba jarumtarsu, amma ba a cika tuna kaftin ɗinsu ba. A jihar New South Wales abokan aikinsa ne ke zaɓensa, kuma ba shi da albashi. Shi ne duba motar ruwa, shi ne horar da sababbi. In iska ta juya, shi zai ce a janye, ko da gidan maƙwabcinsa ne ke ci. Wannan hukunci ne ya fi tsaya mini a rai. Don Allah ku kawo mana labarinsu.

Naku,
Mai karatu daga Kano