Kafin Ka Sayar da Gidan Birni

Damagaram, unguwar Birni
Oktoba 2024

Autana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ka shafa mini kan angona, ka ce masa har yau ban ga kuɗin cefane ba.

Jika 30 ɗin da ka aiko sun iso, Allah ya yi albarka. Na sayi babbar leda an rufe gefen soron da ya zube, na sallami yaran da suka kwashe ƙasa daga ƙofar ɗakin girki. Saura na ƙulle.

Maganar daren Juma'a ce ta sa na ɗauki bik da hannuna, duk da ka san bokona na yaƙi da jahilci ne. Ka ɗauka rezo ne ya yanke. Ba rezo ba ne, ni na kashe wayar. Ka ce a sayar da ɓangarenmu ga mai son gina shaguna, in tattara in komo Yamai wurinka. Wannan bai yi mini zafi ba, tausayina ya sa ka faɗa. Amma da na ce sai an shawarci baffanka, ka ce kai ba ka da baffa a Birni. Da muryar babanku ka faɗe ta, Allah ya jiƙansa, sak. Sai da na dafa bango.

Na san abin da ya tsorata ka. Ka ga hoton tsohon masallacin Birni a waya, yadda ruwa ya kwantar da shi ranar Talata 3 ga Satumba. Mu a nan da kunnenmu muka ji faɗuwarsa. Ginin da ya haura shekara 150 a tsaye, wanda kakanninku suka sa goshi a cikinsa, ya koma tulin ƙasa. Ka ce in shi ya faɗi, ina ga namu? Ba ka yi ƙarya ba. Garin da muke sayen ruwa wurin ƴan ga-ruwa duk bazara, ga shi ruwa ne ke rushe shi.

Sai dai namu soron, laifin damina kaɗan ne a ciki. Ginin ƙasa kamar tsoho yake, kulawa yake so. Da can, kafin hadarin farko, babanku da baffanka kan hau sama tare su share indararo, su toshe duk wata tsaga, a kira magini ya sake yaɓe, a bi da makuba. Yanzu matakalar hawa soron tana ɓangaren baffa, indararon kuma namu gefen yake zubarwa. Shekara 27 babu wanda ya taka rufin nan, don mai hawa sai ya yi sallama a ƙofar da ba a yi wa sallama. Ruwa ya kwanta a sama, ya ci azara a hankali, bana ta karye.

Tarihin gidan, kakarku ce ta ba ni, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, shekarar da aka kawo ni, 1974, shekarar yunwa, wadda Seyni Kunce ya karɓi mulkin Nijar. Kakan babanku ne ya sa tubalin farko zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Bafatake ne, jar fata yake kaiwa Kano. Ta ce ana cikin aikin zaure aka kashe Bafaranshen nan Kazamaju a 1898. Shekara na zagayowa sojojin Faransa suka shigo gari, mutanen gida suka gudu ƙauye suka bar azara a zube. Da ƙura ta lafa aka dawo, maginin farko bai dawo ba, wani ya ƙarasa. In ka tsaya a zaure ka ɗaga kai, za ka ga bakan gizon hagu bai haɗu daidai da na dama ba. Hannu biyu ne. Kana yaro ka sha tambayata, ina ce maka haka Allah ya yi shi. A zauren nan aka ji labarin Turawa sun ɗauke babban birni daga Damagaram sun mai da shi Yamai a 1926. Kakarku kan ce tun daga ranar Yamai take kwashe mana abin hannunmu. Kai ma ga ka can.

To, bari in zo kan abin da nake ta kewayewa.

Kai ka tashi ka tarar da katanga a tsakar gida da ɗaki guda a kulle bayan turaka. An ce maka rigimar gado ce, an ce ɗakin na tarkace ne. Ni na ce maka haka, kuma na san ba gaskiya ba ne. Ka san kana da wa da ya rasu kana shekara 3. Iyakar abin da aka bari ka sani ke nan.

Shi ne ɗana na fari, a 1976 na haife shi. Ka san al'adarmu a kan ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" nake cewa. Ban taɓa goya shi gaban mutane ba. Ana yaye shi kakarku ta ɗauke, a ɗakinta ya girma. In ya faɗi ya fasa gwiwa ina kallo, sai in kau da kai in ci gaba da daka, mata suna yabona wai ina da kara. Ni kuma sai dare ya raba in lallaɓa in leƙa shi yana barci. In na raba tuwo, nakan tura tsokar nama ƙarƙashin malmalarsa inda ba mai gani. Ya sani, don in ya tono ta sai ya ɗago ya dube ni ya yi murmushi, ni kuwa in haɗe rai. Hirarmu ke nan, shekara 19.

A 1995, mako uku bayan ƙaramar salla, zafi ya sauko da ƙura, sanƙarau ya shigo gari. A shekarar nan sama da mutum 40,000 suka kamu a Nijar. Babanku yana Kano da kayan fata. Tun da aka karya darajar sefa a Janairun 1994 ba ya iya zama gida wata guda cur, kuɗin cefane kuma a hannun baffa yake bari.

Ranar Laraba da la'asar yaron ya dawo daga lakwal. Bai wuce ɗakin kakarsa ba kamar kullum, ƙofata ya zo ya tsaya, abin da bai saba ba. Ya riƙe ƙeya da hannu biyu ya ce, "Inna, kaina." Matar baffa da maƙwabta biyu suna zaune a tabarmata muna tsince shinkafa. Na ga idonsa, na ga yadda yake juyowa da dukan jiki don wuya ya ƙi. Cikina ya ba ni. Amma mata uku suna kallona. Na ce, "Je ka gaya wa kakarka." Ko ɗagowa sosai ban yi ba. Ya ɗan tsaya, sannan ya juya.

Kakarku ta ce rana ce ta buge shi, aka jiƙa tsamiya. Da dare ya fara sambatu, aka ce iska ce, aka yi turare, aka karɓo rubutu. Ranar Alhamis baffa ya ce a kai shi likita, kakarku ta ce a bari a ga aikin rubutun tukuna, shi kuwa bai iya musu da uwarsa ba. Ni ina bakin ƙofa da kwaryar ruwa. Da na buɗe baki na ce a kai shi, da an kai shi, don uwa ce ta yi magana. Ban buɗe ba. Sai asubar Juma'a baffa ya saɓa shi a kafaɗa, ba kabu-kabu ba komai, ya yi ta gudu da shi har likita. Can tabarmi ne har ƙarƙashin itatuwa. Aka yi masa allura, amma an makara. Kafin a sauko masallaci ya cika.

Ban yi kuka gaban kowa ba. Nan ma aka yaba.

Babanku ya iso ranar Lahadi, ya tarar ƙasa ta rufe. Tambaya ɗaya ya yi, yaushe ciwon ya fara? Aka ce Laraba. Ya dubi ƙanensa ya ce, "Na bar maka gida." Daga nan bai ƙara ce masa uffan ba. Baffa bai ce uwarsu ce ta hana ba, don ba zai jingina wa mahaifiyarsa gawa ba. Bai ce yaron ya fara zuwa wurina ba, alhali matarsa ta gaya masa. Ya sunkuyar da kai ya ɗauka duka. Ni kuma na bar shi da kayan. Kakarku ta rasu a 1997, ko sadakar arba'in ba a yi ba babanku ya kira magina suka ja katanga. Ya kulle ɗakin yaron ya ba ni makulli. Har ya koma ga Allah a 2021 ban gaya masa ba. Sau da yawa na ɗauko maganar, sai ta tsaya mini a maƙogwaro. Ranar jana'izarsa ka ce ka ga wani tsoho a sahun baya yana kuka kamar yaro, ka ce munafunci ne. Na ji ka, nan ma na yi shiru.

Mutumin da ka ce ba baffanka ba ne, a yunwar El Buhari ta 1984, da aka rufe iyakar Najeriya, shi ya bar zauren dukancinsa yana bin dare ta wajen Magarya, ya dawo da garin rogo a ka. Da shi yayyenka suka rayu. Kuma kuɗin littattafanka na shekarar da jarin babanku ya karye, da na ce maka adashi na ɗauka, ta kan katanga aka miƙo su, a ƙulle cikin guntun kirgi.

Ban san yadda za ka dube ni ba in ka gama karantawa. Na tuba ga Allah, ajali kuma ba ya wuce ranarsa, wannan na yi imani da shi. Amma ajali dabam, abin da na ce wa ɗana a bakin ƙofa dabam. Gabar da ka gada ba ta da tushe, Auta. Kan shiruna aka gina ta.

Batun sayarwa, ban ce har abada ba. Ni ma ƙafafuna sun gaji da tsallake ƙasa. Amma ka sani, abin da kake kira ɓangarenmu ba namu ba ne a shari'a, don ba a taɓa raba gadon kakanku ba. Maza biyu ya bari da mace ɗaya, gida kashi biyar ke nan: biyu na babanku, biyu na baffa, ɗaya na gwaggonku ta Mirya. Katanga ta raba shi biyu ta haɗiye rabonta, ita kuwa ba ta taɓa buɗe baki ba don kada ta ƙara wa wuta kara. A cikin na babanku ma ina da tumuni, yayyenka mata biyu suna da nasu. In ka karɓi kuɗin mutum ba a zauna da malamai an fitar wa kowa haƙƙinsa ba, haram za ka kai gidanka, kuma babanku ne zai amsa tambaya a inda yake. Kada ka sa hannu a kowace takarda. Mai shaguna ba gudu zai yi ba, in ma ya gudu wani zai zo.

Ka nemi hutu ka zo kafin sanyi ya shiga. Na san tafiyar kusan kilomita 900 ce, ba wasa ba. Ka sauka, ka yi wanka, ka zagaya ta ƙofar baffa ka yi sallama, ka durƙusa ka gaishe shi. Ba sai ka ce komai ba, ni zan yi maganar, a gabanka da gwaggonku. Idonsa ya yi rauni ƙwarai, yanar ido ce, da murya yake gane mutane. Kada ka firgita in ya kira ka da sunan babanku.

Sai batun angona. Ran suna na lura matarka ba ta ɗaukarsa in manya na wurin, kai ma "yaron" kake cewa. Ni ce surukar yanzu, kuma na yafe muku wannan karar. Ku kira shi da sunansa. Ku duba katinsa ku ga ko an yi masa rigakafin sanƙarau, don tun 2010 aka kawo sabuwar allura ƙasar nan, mu a lokacinmu sai ciwo ya ɓarke ake bi ana yi. In zafi ya sauko yaro ya yi zazzaɓi mai ƙarfi, wuya ya sanƙare, ko yana gudun haske, ko maɗigarsa ta kumbura tunda jinjiri ne, kada ku jira gari ya waye, kada ku jira shawarar kowa, ko tawa.

Ɗakin nan sau ɗaya nake buɗe shi a shekara, in na tabbata ba kowa. Rigarsa ta salla tana rataye a ƙusa, shuɗiyar shadda, sau biyu ya sa ta. Littattafansa suna cikin kwali, gara ta ci na ƙasa. Bana bangon gabas ya jiƙe har ya fara kumbura, ba na jin zai kai wata damina. Ina so mu shiga tare mu fitar da kayan, rigar a ba wani ya sa. A nan zan faɗa maka sunansa da bakina. Na gwada ni kaɗai shekaranjiya, muryar ta fito.

Makullin yana cikin ƙaramar kwalla ta ƙasan jere, in wani abu ya same ni kafin ka iso. Ka taho da ledar rufi guda biyu, an ce ta fi araha a can, da tabarau mai duhu na baffa, hasken rana yana damunsa. Kada ka zo da mai sayen.

Yayyenka suna gaishe ka. Ba su san na rubuto ba tukuna.

Innarka