Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano Kan Adaidaita Mai Gas Da Mai Batir

Mai Girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali da jama'ar da Allah ya ɗora maka nauyinsu.

Ni mai gyaran wayarin mota ne a nan cikin birni, kuma mai adaidaita biyu da na ba yara suna ja suna kawo mini balas kullum yamma. Saboda haka abin da zan faɗa, rabinsa daga ƙarƙashin bonet na gano shi, rabinsa kuma daga aljihuna. In harshena ya yi kaushi a wani wuri, a yi mini afuwa, bakin gareji ne.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin tarihin wannan abin hawa mai ƙafa uku a Kano. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da shi domin mata su huta da hawa acaɓa, ya kuma ɗauki sunan shirin A Daidaita Sahu ya tafi da shi har yau. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero, aka hana acaɓa, lokacin kai ne kwamishinan ayyuka da gidaje da sufuri. Tun daga nan ɗan sahu ya gaje garin. Shi ne motar asibitin mai naƙuda, shi ne motar makarantar yara, shi ne a-kori-kurar mai ƙaramin jari daga Singa zuwa unguwa. Duk abin da ya taɓa shi ya taɓa tukunyar gidan kowa.

Abin da ya taɓa shi kuwa kowa ya sani. Ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da kai ma ka karɓi rantsuwa, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Yarana suka fara dawowa da dare suna sunkuyar da kai. Na lissafa da kaina na ga ba ƙarya suke yi ba: gidan mai ya zama babban mai hannun jari a mashin ɗin da ni na saya.

To, yanzu maganar da ke bakin kowa ita ce gas da batir. Gwamnatin tarayya ta kafa shirin mayar da ababen hawa su koma amfani da gas na CNG tun a 2023. Gwamna Zulum ya zuba motoci masu lantarki a Maiduguri, inda wani matashi, Mustapha Gajibo, ya riga ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir. Kamfanonin da ke ƙera mana adaidaita a Indiya, Bajaj da TVS da Piaggio, duk suna da mai gas da mai lantarki, Bajaj ma a 2024 ya fito da babur mai ƙafa biyu da ke tafiya da gas. Ba na shakkar Kano za ta bi sahu, ko gwamnati ta shiga ko ba ta shiga ba. Tsorona ɗaya ne: kada mu fara da bikin rabon mashin a filin wasa na Sani Abacha, a yanka kyalle, a ɗauki hoto, sannan bayan wata shida a dawo ana tambayar ina za a sha gas ɗin, wa zai gyara, wa zai duba tukunyar gas ɗin. Doki a kan ɗaure shi ne bayan an kafa turke.

Bari in fara da tukunyar, don ita ce ke hana ni barci.

Jama'a da yawa, har da wasu abokan sana'ata, suna ɗauka gas ɗin mota da gas ɗin girki Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ba haka ba ne. Na girki ruwa ne a cikin tukunya, matsinsa ko a tsakiyar bazara ba ya kai 20 a ma'aunin matsin iska da ake kira bar. Na mota iska ce zalla da ake danna ta har ta kai bar 200, wato kusan ninki ɗari na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Shi ya sa tukunyarsa ake ƙera ta da ƙarfe guda, mai kauri, babu ɗinkin walda ko ɗaya a jikinta, kuma tana da ranar haihuwa da ranar ritaya a buge a wuyanta. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin tana tsakiyar sha, mutane suka jikkata, da aka bincika sai aka tarar tukunyar haɗin walda ce.

Kai ka san Kanawa, ranka ya daɗe. Allah ya ba mu hannu. Ka kai wa mai walda a Ƙofar Ruwa hoton abu, gobe ka zo ka ɗauka. Wannan baiwar ce ta riƙe tsofaffin motocinmu shekara talatin a kan titi, kuma ita ce za ta kashe mutane in aka bar ta ta kusanci tukunyar CNG. Kwanaki wani ya kawo mini mashin da aka juya masa zuwa gas a wani gari, wai in duba abin da ya sa yake shaƙewa. Da na ɗaga kujerar baya sai na ga tukunya an ɗaure ta da guntun belt da waya, bututun yana gogar ƙarfe. Na ce masa wallahi ba zan taɓa ba sai an sauke gas ɗin. Ya yi fushi ya tafi, kuma na tabbata a ranar ya ɗauki fasinja, mata da yara suna zaune a kanta.

Maganin wannan bai fi ƙarfin jiha ba. A samar da wurin gwajin tukwane inda ake cika su da ruwa a matsa a ga ko za su jure, kamar yadda ake yi a Indiya duk bayan shekara uku. Kowace tukunya a ba ta lamba da aka haɗa da lambar mashin, kuma gidan gas kada ya ɗura wa wanda ba shi da ita. A gidan gas ya kamata a tsare ƙofa, domin a can ne haɗarin yake faruwa. In aka mayar da abin wani sabon rasit da 'yan KAROTA za su riƙa tambaya a shataletale, to an samu hanyar tara kuɗi, amma tukunyar walda za ta ci gaba da yawo.

Sai maganar gas ɗin kansa. Bututun AKK, mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta ta Kaduna zuwa Kano, tun Yunin 2020 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shi, an kuma sha sa ranar gamawa ana ɗagawa. Duk gas ɗin da ba ta bututu ya zo ba, a bayan tirela yake tahowa daga kudu, kuma tirela na iya kwana a hanya. Ko bututun ya iso bakin gari, ba shi ne zai shiga Kurna ko Sheka ko Rijiyar Zaki da ƙafarsa ba. A Delhi kotun ƙolin Indiya ta yi umarni a 1998 cewa motocin haya su koma gas. Da wa'adi ya cika a 2001 gidajen gas ba su wadata ba, direbobi suka riƙa kwana a layi, sai a ƙarshen 2002 abin ya daidaita. Fakistan kuma ta juya motoci sama da miliyan biyu, ta gina gidajen gas sama da dubu uku, daga baya gas ya yi ƙaranci aka koma rufe gidajen kwanaki a mako. Ɗan sahun da ya ɓata awa uku a layi ya riga ya yi asarar rangwamen da ya je nema. Filaye a hannunka suke. Ka ware su tun yanzu a manyan hanyoyin shiga gari, titin Zariya da na Katsina da na Haɗeja da na Gwarzo da na Maiduguri, kafin 'yan plaza su cinye.

Game da mai batir kuwa, a nan zuciyata ta rabu biyu, kuma gara in faɗi gaskiya. A matsayina na mai mashin, ina son sa. Babu baƙin mai, babu fulogi, babu kafireta, babu kuloci, babu salansa, kuma in direba ya taka burki wutar na komawa cikin batir. Irin tafiyar ɗan sahu, tsaya-tashi daga Bata zuwa Kabuga, ita ce tafiyar da lantarki ya fi ƙwarewa a kai. A matsayina na ɗan gareji kuwa, na san duk abin da na lissafa ɗin nan abincin wani ne. Mai juyen mai, mai wanke kafireta, mai faci a salansa, yaron da ke sayar da fulogi, duk za su wayi gari kasuwa ta ja baya. Mu masu wayarin ma kada a ɗauka kakarmu ta yanke saƙa. Batir mai bolt 12 muka iya, wanda in ya ja ka sai dai ka yi tsaki. Abin da ke cikin motar lantarki yana kaiwa bolt 400, kuma ba ya ba da dama ta biyu. Na adaidaita bai kai haka ba, amma in wayoyinsa suka haɗu yana narkar da sifana a hannunka.

Muna da kwalejojin fasaha, muna da Kano Poly, muna da jami'ar Wudil. A buɗe ajin yamma na wata uku ga masu gareji, da Hausa, da mashin a gaba ana kwancewa ana ɗaurawa. Ogan gareji ɗaya in ya iya, yara goma sun iya. Mu ba takarda muke nema ba.

In kuma gwamnati za ta sayi masu batir, ko ta tsaya wa masu saye, don Allah a sa wanda ya san abin ya karanta takardar kafin a sa hannu. Batir shi ne mafi tsada a jikin mashin, kuma babban maƙiyinsa zafi. Abin da aka gwada a ƙasar sanyi, a Afrilun Kano da zafi ke wuce digiri 40 wani labari ne daban. Akwai nau'in litiyam da ake kira LFP, ya fi jure zafi, ya fi daɗewa, kuma bai cika kamawa da wuta ba. Akwai kuma masu araha da ake cusa wa batirin dalma irin na mota, wanda nauyi ne da shi kamar buhun siminti kuma ba ya nisa yake sanyi. A tambayi mai kawowa ko injin zai iya ratsa ruwan da ke kwanciya a titunanmu a watan Agusta, a tambaye shi ƙurar hunturu, a kuma sa shi ya ajiye kayan gyara a Kano kafin a biya shi. Duk wanda ya ga yadda kamfanin haɗa manyan motoci na Fiat a nan Kano da Steyr na Bauchi suka ƙare ya san ƙarfe ba ya riƙe kansa.

Wutar cajin fa? Ɗan sahu ba zai ajiye mashin awa huɗu da rana tsaka yana jiran batir ya cika ba, kuma yawancinsu a unguwannin da wuta ke leƙowa ta koma suke kwana. In da janareta za a yi cajin, an sayi fetur ɗin ke nan ta bayan gida. A Kigali da Kwatano da Lome abin da masu babur ke yi shi ne musaya: ka shigo da batirin da ya ƙare, a zare a sa maka cikakke, cikin 'yan mintuna ka wuce. Batirin na kamfani ne, kai wutar kawai kake biya, don haka kuɗin sayen mashin ma ya sauko. Wannan tsarin ya dace da mu ƙwarai. Rana muna da ita har ta yi yawa. Akwai tashar sola mai megawat 10 a Challawa da aka buɗe a 2023, kuma dokar lantarki ta shekarar ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Rufin tashoshin mota da na kasuwanni kaɗai ya isa a fara. Abu guda da zan roƙa a nan: a tilasta wa kamfanonin su yi batir mai baki ɗaya, kada mu koma zamanin da kowace waya da irin cajarta.

Saura maganar da ta shafe ni kai tsaye, kuma faɗinta ba ya yi mini daɗi. Yawancin masu jan adaidaita ba nasu ba ne. In mai ya yi sauƙi, abu na farko da mai mashin zai yi shi ne ƙara balas. Ni ma zuciyata ta raya mini hakan tun kafin in juya ko ɗaya. In aka tafi a haka, direba yana nan inda yake, fasinja yana biyan abin da yake biya, ribar ta tsaya a hannun irina. Duk tallafin da jiha za ta sa, a ɗaura shi a kan sunan wanda ke riƙe da kan mashin, da yarjejeniyar biya a hankali wadda ƙarshenta mashin ya zama nasa, a rubuce, da shaidar ƙungiyarsu.

Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ya kafa tashar cajin mota mai aiki da rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 2021, lokacin yana shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa. Irinsa suna nan, kuma in Gwamnan Kano ya kira za su amsa. Amma kafin ka kira su, ranka ya daɗe, ina roƙon ka aiko kwamishinan sufuri Ƙofar Ruwa wata Asabar da hantsi, ba jiniya, ya zauna a kan benci da masu walda da masu wayarin da 'yan sahu. Ni zan kawo masa tukunya biyu, ta gaske da ta walda, in ajiye a gabansa ya nuna mini wacce ce wacce.

Allah ya taya ka riƙo. Wassalam.

Naka,
Wani mai gyaran wayarin mota, Kano