Wasiƙa ga abokan cinikinmu kan tsofaffin mundayen hatimi na zinare

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Hajiyoyinmu da Alhazanmu, muna gaisuwa tare da godiya bisa amanar da ke tsakaninmu. Dalilin wannan wasiƙa shi ne tsofaffin mundayen Turai masu duwatsun hatimi, waɗanda dillalan can ke kira intaliyo. Duk wadda ta ɗauki ɗaya, tambayarta ta farko ita ce giram nawa, karat nawa. A gwal ɗin Dubai ko na Saudiyya wannan tambaya ta wadatar, domin nauyi da karat su ne kuɗin. A tsohuwar munduwar hatimi kuwa abu huɗu kuke biya, wato zinaren, dutsen, aikin hannu da shekaru, kuma kowanne da yadda ake gwada shi.

Intaliyo dutse ne da aka sassaƙa zanensa ya lotsa ciki, saɓanin kamiyo da zanensa ke tasowa waje. Asalin aikinsa buga hatimi ne: a danna shi a kan kaki ko yumɓu, zanen ya fito a tashe. Shi ya sa rubutun da ke kan dutsen hatimi na gaskiya a juye yake, sai an buga yake karantuwa daidai. Mutanen tsohuwar Iraƙi sun yi amfani da irin wannan hatimi fiye da shekara 5,000 da suka wuce, Girkawa da Rumawa kuma suka mayar da shi kan zobe. Dutsen da aka fi sassaƙawa shi ne jan aƙiƙ da danginsa, saboda kaki ba ya manne masa, kuma yana da tauri, tsakanin 6.5 da 7 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs. Ba da wuƙa ake yin aikin ba. Ƙananan fayafayai na ƙarfe ake juyawa, ana shafa musu mai da garin dutsen da ya fi aƙiƙ tauri, su riƙa cin dutsen kaɗan-kaɗan.

Mafi yawan mundayen da ke yawo a kasuwa ba su kai zamanin Rumawa ba, ko kusa. A ƙarni na 18 da na 19 'ya'yan masu hali na Ingila sun riƙa zuwa yawon buɗe ido Italiya suna sayo waɗannan duwatsu tsaraba, buƙata ta yi yawa har aka koma yin kwafi. Wani ɗan Sikotlan, James Tassie, ya shahara da zuba kwafinsu da gilashi, kuma kundin kayansa na 1791 ya ƙunshi zane sama da 15,000. Shi bai ɓoye cewa kwafi yake yi ba. Wanda ya ɓoye shi ne Yarima Stanisław Poniatowski na Poland, da ya sa masassaƙan Rum na zamaninsa suka yi masa duwatsu kusan 2,500 aka buga musu sunayen gwanayen Girka na da. Bayan rasuwarsa aka yi gwanjonsu a gidan Christie's na Landan a 1839, asiri ya tonu, darajar kayan gaba ɗaya ta faɗi na tsawon shekaru. Daga baya, a shekarun 1920 da 1930, garin Jablonec na ƙasar Cek ya cika duniya da na gilashi da ake bugawa da inji. Duk waɗannan yanzu tsofaffi ne, suna da masu so, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. A al'adar wannan kasuwa, abin da ya kai shekara 100 shi ake kira kayan tarihi, wanda ya haura 20 bai kai 100 ba kuma tsohon yayi ne kawai.

Bambance dutse da gilashi ba ya buƙatar inji. Ku nemi gilashin dubawa mai ƙara girma sau 10, muna da shi a kan kanta. Idan kun ga 'yan ƙananan kumfa masu zagaye a ciki, gilashi ne, domin aƙiƙ ba ya yin su. Ku ɗaga shi saitin haske: jan aƙiƙ launinsa kamar gajimare yake, wani wuri ya yi duhu wani ya yi haske, na gilashi kuwa bai ɗaya ne. Ku duba cikin zanen. Wanda aka sassaƙa da hannu gefensa da kaifi, ana ganin sawun faifai a gashin kai ko fiffiken tsuntsu, wanda aka zuba kuwa gefensa a dakushe yake, kamar ya ɗan narke. Dutse ya fi gilashi daɗewa da sanyi idan aka ɗora shi a kunci. Sannan a danna shi a hankali kan kaki mai laushi, domin a hoton da ya fito ake ganin gwanintar masassaƙi fiye da a jikin dutsen. Ba ma rubuta "na zamanin Rumawa" a kan kowane dutse sai da takardar da ta nuna hannun da ya biyo, saboda masu jabu sun iya goge fuskar sabon dutse ya yi kamar ya sha jiki, kuma ƙasashe irin su Italiya suna da doka mai tsauri kan fitar da kayan tarihi.

Sai zinaren. Wanda aka saba da shi a nan karat 21 ne ko 22 ko 18, wato kashi 875, 916 da 750 cikin 1,000. Tsofaffin mundayen Ingila sau da yawa karat 15 ne ko 9, wato 625 da 375. Ba ha'inci ba ne, doka ce ta halatta karat 15, 12 da 9 a 1854, sannan a 1932 aka soke 15 da 12 aka maye gurbinsu da 14. Saboda haka tambarin hukuma mai lamba 15 da .625 shaida ce mai ƙarfi cewa an yi abin tsakanin waɗannan shekaru biyu. Tambarin gari ma yana magana: anka ta jirgin ruwa Birmingham ce, kan damisa Landan, dammunan alkama uku da takobi kuma Chester, wadda aka rufe ofishinta na tantance zinare a 1962. Na Faransa mai karat 18 yana ɗauke da ɗan mitsitsin kan gaggafa tun 1838. Kayan zamanin Sarauniya Victoria ta Ingila, a ƙarni na 19, da yawa ba su da tambari ko ɗaya, kuma rashinsa ba ya nufin jabu. Haka nan samunsa a kan maɓalli kaɗai ba ya wanke sauran jiki, don maɓalli shi aka fi sauyawa.

Inda ake yawan cutuwa shi ne kayan da fatarsu kawai ce zinare. Akwai finsibek, haɗin jan ƙarfe da tutiya da wani mai agogo a Landan, Christopher Pinchbeck, ya ƙirƙira a farkon ƙarni na 18, babu ƙwayar zinare a cikinsa. Akwai wanda aka lulluɓe tagulla da siririn fallen zinare aka murza su tare, akwai kuma wankin gwal na lantarki da ya bazu bayan 1840. Maganaɗisu ba ya kama tagulla, don haka wucewa gwajinsa ba hujja ba ce. Na'urar haske ta gwada zinare da manyan shaguna ke amfani da ita saman ƙarfe kawai take karantawa, fallen da ya yi kauri yana iya ruɗinta. Abin da ya fi tona gaskiya shi ne duba wuraren da suka sha guga: kusurwoyi, cikin zobban da ke haɗa gaɓoɓi, da bakin maɓalli. Idan wani launi ya leƙo daga ƙasa, lulluɓi ne. Gwajin goga zinaren a dutsen gwaji da asid muna yin sa a wuri uku a kalla, a ɓoyayyen gefe, nesa da duwatsun. Ku yi hattara musamman da munduwar da aka jera wa hatiman sarƙar agogon aljihu. Suna da kyau ƙwarai, amma kowane hatimi daga gida daban ya fito, kuma da yawansu tagulla ce a ciki.

Ga lissafin da muke so kowa ya yi kafin ya biya. A ce munduwa ta hau sikeli ta ba da giram 32. Duwatsunta sun ɗauki giram 9, saura 23. Idan karat 15 ce, 23 sau 0.625 ya ba da giram 14.4 na tsantsar zinare. Wannan ne kaɗai mai sayen gwal na kasuwa zai biya ranar da aka kai masa, sauran kuɗin da kuka bayar na dutse ne da aiki da shekaru, kuma ba ya dawowa sai a hannun wanda ya san kayan. Wadda ke neman ajiyar da za ta sayar da gaggawa ranar buƙata, shawararmu ta sayi awarwaro mai karat 21 marar dutse. Munduwar hatimi ta wadda ke son abin don kansa ce. Kuma akwai abin so. Zinare ba ya tsatsa, shi ya sa abin da aka ƙera shekara 150 baya yake hawa hannu yau da haskensa. Tsohon karat 15 yana da wani ja-ja mai taushi saboda jan ƙarfen da ke cikinsa, ga laushin da guga ta shekaru ta ba gefunansa, kuma a ganinmu babu launin da ya fi shi dacewa da jan aƙiƙ. Don haka muke roƙo kada a kai shi wanki ko goge na inji. Minti biyar a kan injin goge yana cinye tambarin da ke shaidar shekarunsa.

Gyara shi ne babban abin tsoro. Ku juya munduwar ku duba bayanta. Idan kun ga wani toka-tokan liƙi marar sheƙi, an taɓa gyara ta da dalma. Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Celsius, liƙin zinare kuwa yana buƙatar wajen 700, to idan maƙerin da bai lura ba ya sa wuta a wurin, dalmar sai ta ci cikin zinaren ta bar ramuka. Dole a kankare ta tas tukuna. Wuta kuma tana tsaga aƙiƙ, tana sauya masa launi, don haka ko dai a cire dutsen ko a yi liƙin da injin leza. Maɓallin irin waɗannan mundaye akwati ne da harshe: idan kun tura ba ku ji ƙas ba, harshen ya saki, a ɗan buɗa shi, a kuma sa 'yar sarƙar tsaro. Yawancinsu gajeru ne, santimita 16 zuwa 18. Ku auna wuyan hannu da zare ku ƙara santimita ɗaya da rabi, domin wadda ta matse tana karya ƙusoshin gaɓoɓinta.

Yanayinmu ma yana da nasa. Ƙurar hunturu tana ɗauke da yashi mai taurin da ya fi gilashi da zinare, shafa ta da busasshen ƙyalle karce ne, sai a fara kaɗe ta da burushi mai laushi. Idan bayan dutsen a rufe yake da ƙarfe, galibi akwai siririn falle mai sheƙi a ƙarƙashinsa, ruwa na shiga ya baƙanta shi har abada, saboda haka a cire kafin alwala da wanka. Mai buɗaɗɗen baya ana iya wanke shi da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulu, a busar nan take. A shafa humra da turare su bushe kafin a saka. Ruwan bilic yana raunana liƙi, wasu mayukan sauya launin fata kuma suna da zaiba a ciki, wadda ke barin fararen tabo a jikin zinare.

Magana ɗaya da ta shafi addini. Da yawa daga cikin duwatsun nan suna ɗauke da kan mutum, ko dabba, ko gumakan Rumawa. Muna faɗin abin da ke kan kowanne, kuma mun ware masu fure, haruffa da tambarin gida a tire daban, wanda ke da shakka ya tambayi malaminsa. Mai rubutun Larabci da sunan Allah a kiyaye shiga banɗaki da shi. Maza masu son dutsen hatimi, muna ɗora musu shi a kan azurfa.

Daga yanzu kowace munduwa za ta fita da takarda mai nauyinta gaba ɗaya, kimanin nauyin duwatsu, karat da yadda aka gwada shi, ko dutse ne ko gilashi, zamanin da muke kyautata zato, da duk gyaran da muka gani. Ba ma cinikin biri a sama, don haka ko da hoto kuka gani a waya, ku zo ku riƙe ta a hannu ko ku aiko wanda kuka yarda da shi. Waɗanda kuma ke da irinta ta gado a gida, ku kawo ta yadda take, kada a wanke, kada a goge, a naɗo ta ita kaɗai cikin ƙyalle mai laushi don kada duwatsun su gogi juna. Dubawar kyauta ce.

Allah Ya bar zumunci, Ya sa albarka a cinikinmu da ku.

Naku,
Masu shago da maƙeranmu